Tambari ɗaya, aiki daban: yadda mazaunin tambarin ADN yake yanke hukuncin kwafar ƙwayar gado

“Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Abdou Moumouni a nan Yamai, ina shirin aikin mastar. An koya mana cewa furotin masu tsara kwafi suna gane wasu gajerun tambura a jikin ADN, irin su TATA da CCAAT da GATA. Na sa kwamfuta ta nemo mini tambarin GATA a cikin haruffa 10,000 da ke kewaye da ƙwayar gadon da nake nazari, sai ta fito mini da fiye da ashirin. Shin dukansu suna aiki? In ba haka ba, wurin da tambari yake zaune ne yake bambanta su? Kuma yaya zan gwada?”

Wa alaikis salam, ƴata. Tambayarki ta rabu uku: ko ganin tambari ya isa a ce yana aiki, ko mazauninsa yana da tasiri, da kuma hanyar gwaji. Ta farko ba ta da wuya. Tambarin da furotin GATA1 yake kamawa haruffa shida ne na ADN (haruffansa huɗu ne: A, C, G da T), ana rubuta shi WGATAR, inda W take nufin A ko T, R kuma A ko G. In kin yi lissafi, jeri irin wannan yana faɗowa haka kawai sau ɗaya a kowane haruffa 1,024 a igiya ɗaya daga cikin igiyoyi biyu na ADN, wato kusan sau ɗaya a haruffa 500 in an duba igiyoyin biyu. A cikin haruffa 10,000 ke nan sa'a kaɗai ta isa ta ba ki ashirin. Abin da kwamfuta ta fito miki da shi bai wuce abin da za a samu a kowane yanki na ADN ba, kuma mafi yawansu babu furotin da ya taɓa zama a kansu.

Abin da ke ware mai aiki daga cikin taron, babban kasonsa mazauni ne. Sai dai kalmar mazauni ta ƙunshi abubuwa huɗu da ya kamata ki riƙa rabewa a ranki: nisan tambari daga mafarin kwafi, fuskar igiyar da yake kai, inda ya sa gaba, da kuma ko yana fili ko yana naɗe a jikin histon, wato furotin ɗin da ADN yake naɗuwa a kansu. Dalili guda ne ya haɗa su. Tambari kujera ce kawai. Aikin yana hannun furotin da zai zauna a kai, shi kuma ba ya yin komai shi kaɗai, sai ya kai hannu ga wani furotin. Kujerar da aka ajiye inda hannu ba zai kai ba, ko aka dasa ta a bakin ƙofa, sakamakonta daban ne ko da sassaƙarta iri ɗaya ce.

Kusa da mafari, da harafi ake awo

A halittu masu cibiyar sel, polimeras na biyu, wanda yake kwafar saƙon furotin zuwa ARN, ba ya iya gane inda zai fara da kansa. Sai wata tawagar furotin ta riga shi sauka ta shirya masa wuri. Harafin da yake farawa a kai shi ake ba lamba +1, abin da ke gabaninsa ana ƙirga shi da alamar ragi. Akwatin TATA, wanda Michael Goldberg da David Hogness suka gano a ƙarshen shekarun 1970 a ƙwayoyin gadon histon na ƙudan Drosophila, yana zama wajen −30 a jikin ɗan Adam da sauran dabbobi. Wannan tazara daga girman injin ta fito. Furotin TBP yana kama TATA ya lanƙwasa ADN sosai, TFIIB ya zama gada tsakaninsa da polimeras, kuma tsawon wannan haɗi shi ke sa bakin polimeras ya faɗa kimanin haruffa 30 gaba. Shi ya sa in an yanke wasu haruffa tsakanin TATA da tsohon mafari, polimeras yakan koma ya fara a sabon wuri, yana kiyaye tazararsa daga TATA. A yis ɗin burodi kuwa TATA yana iya zama haruffa 40 zuwa 120 kafin mafari, domin can polimeras yana buɗe igiya ya yi ta lalube gaba har ya sami inda zai fara. Kada ki ɗauki lambar yis ki auna mutum da ita.

Wanda ya fi TATA tsanani wajen tazara shi ne tambarin DPE, da ɗakin binciken James Kadonaga ya bayyana a 1996. Yana zaune daga +28 zuwa +32, kuma yana aiki ne tare da tambarin Inr da ke kan mafarin kansa, saboda tawagar TFIID ɗaya ce take riƙe su biyun lokaci guda. Ƙara harafi ɗaya tak tsakaninsu, ko cire ɗaya, yana rage kwafi ninki da yawa.

Amma ki sani, ƙalilan ne daga cikin furomotocin mutum, wato yankunan ADN da ke kewaye da mafarin kwafi, suke da TATA na sosai. Kusan kashi 70 cikin 100 suna cikin tsibiran CpG, wato yankunan da harafin C da G suke yawan zuwa a jere, inda kwafi yake tashi daga wurare masu yawa a warwatse cikin haruffa 50 zuwa 100. A irin waɗannan, cewa tambari yana −80 magana ce mai rauni sai an faɗi daga wane mafari aka ƙirga.

Misali daga jininmu

Ina son ki duba furomotan beta-gulobin, wani sashe na hemogulobin da ke cikin jajayen sel, da kyau, domin shi ya fi kusa da abin da likitocinmu suke gani kullum a masu amosanin jini. A cikin haruffa ɗari da ƴan kai kafin mafari akwai akwatin ATA, wato TATA ɗinsa, wajen −30, akwai CCAAT wajen −75, sannan akwai tambarin CACCC har guda biyu, na kusa daga −90 zuwa −86, na nesa daga −105 zuwa −101. Furotin KLF1 ne mai kama CACCC. Sauyin harafi a na kusa, kamar komawar C zuwa T da ake rubutawa −88 C>T ko wanda ke −87, yana rage beta-gulobin har a ga alamar talasemiya, wata cutar ƙarancin jini ta gado, a gwajin jini. Sauyin −101 C>T a na nesa kuwa yana da sauƙi ƙwarai, mai ɗauke da kwafi ɗaya jininsa yakan fito kamar na kowa, shi ya sa ake kiransa mai shiru. Tambari iri ɗaya, tazarar haruffa 15 kacal, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Sauyin −88 C>T da −29 A>G, wanda ya faɗa cikin akwatin ATA, su ne suka fi yawa cikin masu talasemiyar beta ƴan asalin Afirka da aka yi nazari a Amurka, kuma in ɗayansu ya haɗu da HbS, hemogulobin amosanin jini, cutar takan zo da sauƙi fiye da SS, saboda ana ci gaba da yin ɗan hemogulobin A, wato lafiyayyen.

Furomotan gama-gulobin, mai yin hemogulobin na jariri, ya fi wannan ban sha'awa. Yana da jerin TGACCA sau biyu, ɗaya daga −118 zuwa −113, ɗaya daga −91 zuwa −86, kowanne ya hau kan akwatin CCAAT. A 2018 rukunin Stuart Orkin a Boston ya nuna cewa BCL11A, furotin da ke kashe hemogulobin na jariri bayan haihuwa, na nesan yake zaɓa. NF-Y mai kunnawa kuma yana zama a CCAAT na kusa. Tazararsu ba ta kai haruffa 30 ba, don haka zaman BCL11A yana ture NF-Y. Mutanen da aka haifa da sauyi a −117 ko −114, ko waɗanda haruffa 13 suka ɓace musu daga −114 zuwa −102, suna ci gaba da yin hemogulobin na jariri har girmansu, kuma yawan wannan hemogulobin yana sassauta amosanin jini. Da jerin haruffa kaɗai ake dubawa, da ba a iya bambanta TGACCA na nesa da na kusa ba.

Fuskar igiya

ADN tufkakkiyar igiya ce, tana cika zagaye ɗaya a kowane haruffa 10.5, wato kowane harafi yana juya ta kimanin digiri 34. In furotin biyu suna zaune a fuska ɗaya suna taɓa juna, sai ki cusa haruffa 5 a tsakaninsu, kin mai da ɗayan bayan igiya. In kin cusa 10 ko 11, tazara ta ƙaru amma sun dawo suna fuskantar juna. Rukunin Pierre Chambon a Strasbourg ya nuna haka a 1986 a furomotan birus SV40: ƙarin da ya yi daidai da rabin zagaye ya fi yin ɓarna a kan wanda ya cika zagaye, ko da mai cikan ya fi tsawo. A 1995 Dimitris Thanos da Tom Maniatis suka ga irin wannan a yankin da ke kunna intaferon-beta, furotin mai yaƙar birus, lokacin da birus ya shiga sel. Yankin bai wuce haruffa 55 ba, amma furotin takwas ne suke jeruwa a kansa kafaɗa da kafaɗa, daga ATF-2 da c-Jun zuwa IRF da NF-κB. Rabin zagaye ya rushe aikin, cikakken zagaye ya dawo da shi. A 2012 rukunin Eran Segal ya ƙera furomota kimanin 6,500 a yis, yana matsar da tambura harafi bayan harafi, ya kuma ga ƙarfin kwafi yana hawa yana sauka da tazarar kusan haruffa 10 ga wasu furotin.

Ba kowane yanki ne yake da wannan tsauri ba. Da yawa suna jure a sauya jerin tamburansu ko a ɗan nisanta su, muddin adadi da nau'i suna nan. Ra'ayina shi ne ki ɗauki intaferon-beta a matsayin ƙarshen tsauri, ki sa ran yankinki zai faɗo wani wuri tsakaninsa da sassauci, sannan gwaji ya nuna miki inda yake.

Akwai kuma abin da ya girgiza rabon da muka saba yi a aji tsakanin mai kunnawa da mai dannewa. A 2024 Sascha Duttke da Christopher Benner da abokan aikinsu suka buga a mujallar Nature cewa furotin da aka sani da kunnawa, irin su NRF1 da NF-Y da Sp1, suna kunna kwafi ko su danne shi gwargwadon inda tambarinsu yake daga mafari. Yawancinsu suna taimako in suna kafin mafari, in kuma sun faɗo a kansa ko bayansa sai su hana. Bayanin da ya fi sauƙi shi ne furotin ya tare filin da injin kwafi zai sauka. YY1 ya saɓa musu, shi mazauninsa na aiki yana ɗan bayan mafari. Saboda haka in kin ga tambarin Sp1, tambayar ko mai kunnawa ne ba ta da amsa sai kin ce a ina.

Naɗi a jikin histon

Duk wannan yana faruwa ne a kan ADN da aka naɗe kamar zare a mazari. Haruffa 147 suna kewaye histon takwas, sai ɗan fili, sai wani naɗin. Tambarin da ya faɗa tsakiyar naɗi, musamman in fuskarsa tana kallon histon, yawancin furotin ba sa ganinsa. Ƙwayar gadon PHO5 ta yis ta koyar da mu wannan. Furotin Pho4 mai kunna ta yana da kujeru biyu a furomotanta: mai raunin kamu tana fili tsakanin naɗi biyu, mai ƙarfin kamu tana binne. Ta filin ce take yanke lokacin da ƙwayar gadon za ta farka idan fosfat ya yi ƙaranci, ta binnen sai an kwance naɗi take shiga aiki ta ƙara yawan kwafi. Kwamfuta za ta ba binnanniyar maki mafi girma, alhali ba ita ce ta farko ba. Akwai furotin masu share fage, kamar FoxA a hanta, da suke iya kama tambari a jikin naɗi su buɗe wa saura, kuma dangin GATA suna cikin masu wannan hali. Duk da haka a kowane irin sel ƙaramin kaso ne na WGATAR ake samu a kame.

Daga nesa, ƙa'ida tana sassautawa

Akwai yankunan da nake kira zugazugi, domin aikinsu hura wutar furomota ne daga gefe. Na farko da aka bayyana, a 1981 a ɗakin binciken Walter Schaffner a Zurich, haruffa 72 ne masu maimaituwa na SV40, kuma ya yi aiki a gaba ko a baya, a miƙe ko a juye, daga tazarar haruffa dubbai. Sauyin −13910 C>T da ke sa babba ya ci gaba da narkar da sukarin madara, wanda ake samu a Turawa da kuma Fulani, yana cikin wata ƙwayar gado daban mai suna MCM6, kusan haruffa 14,000 kafin ta laktas, furotin mai narkar da wannan sukarin. Zugazugin da ke tsara yatsu ta hanyar ƙwayar gadon SHH yana nesa da ita da kusan haruffa miliyan ɗaya, kuma sauyin harafi ɗaya a cikinsa yana kawo ƙarin yatsa. A wannan tazara babu mai ƙirga rabin zagaye, igiya tana lanƙwasowa ne. Amma nisa bai daina tasiri ba, ƙarfin zugazugi yana raguwa yayin da haɗuwarsa da furomota take ƙaranci. Inda tambari ya sa gaba ma yana dawowa ta wata ƙofa: madaukan da furotin kohesin yake yi da igiyar ADN suna tsayawa ne a tamburan furotin CTCF masu fuskantar juna, fiye da kashi 90 cikin 100 a taswirar da aka buga a 2014, kuma juya tambarin CTCF yana sauya wanda zai haɗu da wa. A cikin zugazugin kansa kuwa tazarar tambura tana nan da muhimmancinta. Maganin Casgevy na amosanin jini, da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, tambarin GATA1 guda ɗaya yake lalatawa, a zugazugin ƙwayar gadon BCL11A da ke haruffa 58,000 bayan mafarinta, sai BCL11A ya ragu, hemogulobin na jariri ya dawo.

Yadda za ki tace ashirin ɗinki

Fara da daidaita ƙirga, domin nan aka fi yin kuskure. Takardun furomota suna ƙirgawa daga mafarin kwafi, rahotannin asibiti kuma daga ATG, haruffa ukun da ake fara fassara saƙo zuwa furotin daga kansu. Sauyin −29 na beta-gulobin shi ne c.−79, −88 kuma shi ne c.−138, saboda haruffa 50 ne tsakanin mafari da ATG. Sauyin tambarin GATA da ya hana jajayen sel na mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma yin furotin Duffy, wanda Plasmodium vivax yake bi ya shiga, za ki gan shi an rubuta −33 ko −46 ko −67, duk harafi ɗaya ne. Ki samo mafarin gaskiya na irin sel ɗinki daga rumbunan bayanan mafarin kwafi da ke intanet, kamar bayanan CAGE na FANTOM5 ko EPD, kuma in ƙwayar gadonki tana kan igiyar ragi, ki tuna lambobin taswira suna tafiya a juye.

Daga nan, tun kafin ki taɓa kwalba, intanet ya ishe ki tace mafi yawa. A shafin UCSC ki ɗora bayanan ENCODE na inda aka kama GATA1 a K562, wani irin sel na jini da ake kiwo a ɗakin gwaji, da na inda ADN yake buɗe, ki ga waɗanne daga cikin ashirin suka faɗa ƙarƙashin tudun da zanen yake yi a irin waɗannan wurare. Ki duba ko tambarin yana nan a ɓera da sauran dabbobi a wuri ɗaya. Ki duba maƙwabta: a sel masu yin jini, WGATAR da ke da CTG kimanin haruffa 7 ko 8 kafinsa alama ce ta haɗin GATA1 da TAL1, kuma irinsa ya fi yiwuwar aiki. Yawanci ƴan ƙalilan ne za su rage.

Gwajin ɗaki na gargajiya shi ne a ɗora furomota gaban ƙwayar gadon lusiferas, furotin mai ba da haske, a filasmid (ɗan zoben ADN) irin pGL4, a shigar cikin sel, a auna haske bayan awa 24 zuwa 48. Don sanin ko tambari yana aiki, musanya haruffa biyu ko uku na tsakiyarsa, kada ki cire su. Cirewa tana matsar da duk abin da ke bayansu ta juya fuskar igiya, sai ki kasa sanin rashin tambarin ne ya kawo sauyi ko gocewar maƙwabtansa. Don gwada mazauni, ki yi jerin ƙari na haruffa 5, 10, 15 da 21. In 5 da 15 sun faɗi, 10 da 21 sun tashi, fuskar igiya ce. In yana sauka a hankali ba hawa, nisa ne. Kowane ƙari ki bi shi da bincike a JASPAR, rumbun bayanan tambura, don kada ya haifar da sabon tambari a mahaɗa, ki kuma tabbatar bai kawo sabon ATG ba, domin wannan zai rage haske ta hanyar fassara alhali kwafi bai sauya ba. Sel ɗin ma ya dace: K562 yana da GATA1, HeLa, wani sel ɗin da ake kiwo a ɗakin gwaji, ba shi da shi, don haka shirun tambari a HeLa ba hujja ba ne. Ki haɗa da filasmid na biyu mai lusiferas na Renilla don daidaita yawan shiga, ki maimaita aƙalla sau uku a ranaku daban.

Zafin Yamai yana shiga cikin sakamako. Hasken lusiferas yana sauyawa da zafin ɗaki, saboda haka ki bar ruwan awo da samfura su daidaita tsakanin digiri 20 zuwa 25, ki auna su duka a zama ɗaya. Ruwan awon ki rarraba shi ƙanana-ƙanana kafin daskarewa, domin narkewa da sake daskarewa lokacin ɗaukewar wuta suna rage masa ƙarfi, sai gwajin wannan mako ya ƙi kwatantuwa da na makon jiya.

Wannan hanya tana da iyaka biyu da dole ki rubuta a aikinki. Haske ba ya gaya miki inda kwafi ya fara. Kina iya matsar da tambari, mafari ya bi shi, haske ya tsaya yadda yake, ki ɗauka mazauni ba shi da tasiri. Sai 5′ RACE ko wata hanyar gano bakin ARN take nuna wannan. Ta biyu, filasmid da aka shigar na ɗan lokaci ba ya naɗuwa a histon yadda ADN na cikin kuromozom yake yi, kuma zugazugin da ke can nesa ba ya tare da shi, don haka tambarin da yake binne a sel yana iya fitowa da ƙarfi a filasmid. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce a sauya harafin a mazauninsa na asali da CRISPR, hanyar gyara ADN a cikin sel, a auna yawan ARN na ƙwayar gadon kanta da gwajin RT-qPCR. In kayan wannan ba su samu ba a matakin mastar, haɗa tacewar kwamfuta da gwajin lusiferas mai musanya da jerin ƙari aiki ne cikakke, muddin kin rubuta sakamakon da sunan abin da aka gani a filasmid a cikin K562.